Ƙazafin da na yi wa mamaci

Jiya na mayar da katin laburare na karɓi takardar sallama, wata shida bayan 'yan ajinmu sun sa riga sun ɗauki hoto da iyayensu. Duk wanda ya zauna a makarantar tauhidin nan ya ji labarin abin da ya tsayar da ni, ko dai ya ji sigar da ta yi yawo a ɗakunan kwana. Ga tawa.

Kundina a kan masu kare bangaskiyar Kirista ne na ƙarni na biyu da na uku, mutanen da suka ɗauki alƙalami lokacin da Romawa ke jifan masu bi da ƙazafi. Manyan zarge-zargen uku ne, kamar yadda Atinagoras mutumin Atina ya jera su a takardar da ya rubuta wa sarki Markus Oriliyas da ɗansa Komodus wajen shekara ta 177: wai Kiristoci ba su da abin bauta, wai suna cin naman mutane, wai suna kwana da 'yan'uwansu na jini. Kowanne da inda ya tsiro. Wanda ya ƙi ƙona turare ga gumaka da siffar Kaisar, a idon Baroma ba shi da allah ke nan. Maƙwabci ya tsinci maganar jiki da jini a Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Almasihu, ta bayan katanga, ya ji miji na kiran matarsa 'yar'uwa, sauran kuma baki ya ƙarasa. Mu da muka girma inda "an ce" kan tashi unguwa guda cikin dare, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A babi na uku na rubuta cewa Kelsus, masanin falsafar nan da ya yi littafi sukutum yana sukar Kiristanci wajen 178, shi ne kan gaba wajen yaɗa cewa masu bi na yanka jarirai suna ci. Har ado na yi wa jimlar, na kira shi uban maƙaryata. Ban taɓa karanta ko layi ɗaya na maganarsa ba, balle raddin da Orijin, wani malamin Kirista, ya rubuta masa. A takardun darasi na aji biyu na ga jimlar, irin waɗanda ake bugawa a sayar mana a bakin ofis.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga waje dattijo ne, tabarau ɗinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya bar ni na yi ta zuba kusan minti ashirin. Sannan ya lashi yatsa, ya buɗe shafi na 41.

"Ɗana, wannan magana ta Kelsus, a wane littafi na Orijin ka same ta? Wane sashe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sananniyar magana ce."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Haka Romawa ma suka ce game da jariran."

Da a nan aka tsaya, da na haɗiye na yi godiya. Sai malamin da ke duba aikina ya miƙe. Mutumin da ya riƙe kundin nan mako bakwai, ya sa hannu a shafin farko ba tare da jan biro ya taɓa ko'ina ba, shi ne ya shiga faɗa a gaban 'yan aji ɗaya da aka tara su koyi yadda ake yi: wai ɗaliban yanzu ragwaye ne, wai ya sha gargaɗina. Bai taɓa ba. Takardun darasin da na kwaso jimlar kuwa, sunansa ne a bangonsu. Suna cikin jakata a lokacin, a ƙarƙashin kujera. Ban fito da su ba, kuma har yau ban tantance ko ladabi ne ya hana ni ko tsoro. Aka ce in sake babin, in ƙara zango guda. Kuɗin zangon, buhunan gyaɗar mahaifina ne suka biya.

Haushi ne ya kai ni ga Orijin, don in nemo jimlar in wanke kaina. Littattafai takwas ne na raddi ga Kelsus ya rubuta a Kaisariya wajen 248, shekara saba'in bayan Kelsus. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda Kelsus ya faɗi abin da na ɗora masa ba. Abin da na samu ya fi haka nauyi. Littafin Kelsus ya ɓace. Abin da ya sa muka san shi a yau shi ne Orijin yakan kawo maganar abokin gabarsa gaɓa-gaɓa kafin ya amsa, har masana suka iya harhaɗa yawancin littafin daga cikin raddin. Kuma sukar mutumin ba ta 'yan tsegumin kasuwa ba ce. Ya yi ba'a cewa masu saƙar ulu da dukawa da masu wanki ne ke jan yara da mata a gidaje. Ya ce in kowa ya ƙi aikin soja da riƙon muƙami kamar Kiristoci, za a bar sarki shi kaɗai, ƙasa ta faɗa hannun baƙi. Orijin ya amsa cewa masu bi na taya sarki yaƙi da addu'a. Ko wannan ta gamsar da wani hafsan Roma, ina shakka, amma dai ainihin tambayar ya amsa. Ni kuwa na ƙera wa kaina abokin gaba mai sauƙin kayarwa.

Daga nan na sake karanta sauran da wani ido. Jastin, wanda aka fille wa kai a Roma wajen 165, roƙonsa ga sarki Antoninus Piyus shi ne a bincika, a hukunta mutum kan abin da ya aikata, kada a kashe shi don suna kawai. Ya kuma buɗe ƙofa ya bayyana abin da ake yi ran Lahadi dalla-dalla: karatu, gargaɗi, addu'a, gurasa da ruwan inabi, baiko domin marayu da gwauraye. Da ya zo kan ƙungiyoyin da yake ɗauka 'yan bidi'a ne, waɗanda da sauƙi ya tura musu laifin, sai ya ce bai sani ba ko suna aikata waɗannan abubuwa. Wannan "ban sani ba" ita ce ta gagare ni a gaban dattijon nan. Hatta Filini, gwamnan Bitiniya, da ya rubuta wa sarki Tirajan wajen 112, ya yarda cewa abincin da suke ci tare abinci ne na yau da kullum, marar illa. Sai dai kafin ya rufe bincikensa ya azabtar da bayi mata biyu masu hidimar ikilisiya, don haka ba na yabonsa da yawa.

Ga 'yan baya, sauran gajeru ne. Takardar darasi ba madogara ba ce. In ka miƙa babi, ka rubuta ranar, ka ajiye kwafi. Tartuliyan na Kartaj, wani daga cikin masu kare bangaskiyar, yana da daɗin ambato a wa'azi, musamman inda yake cewa ko kogin Tiba ya yi ambaliya ko Nilu ya ƙi cika sai a ce a kai Kiristoci wa zaki, amma zafin bakinsa yana da saurin kama ɗalibi. Ku riƙa gaishe da mai kula da laburare. Shi ya san inda Orijin yake kwance cikin ƙura.

Sabon babin ya sami maki mafi girma a kundin, kuma dattijon ne ya duba shi. Malamina mun haɗu jiya a bakin ofis, na rusuna na ce, "Baba, na gama." Ya ce Allah ya sa albarka, ya wuce. A kan bencin wurin wata 'yar aji biyu na zaune da sabon bugun takardun nan. Na ara na duba, jimlar na nan inda na barta. Na karɓi bironta na rubuta a gefe: wane littafi, wane sashe?