Talata, ranar da aka tayar da falwayarmu

Ƙasa da laima yau, don haka kafin rana ta yi zafi na ƙarasa maimain gyaɗar bayan gari. Gero ya yi kyau, alhamdu lillahi. Inna ta ce ƙafar ta yi sauƙi, har ta taka gidan Gwaggo yin barka. Da hantsi na buɗe shago, wayoyi suka yi ta shigowa, kowa tasa yake so a fara sa wa caji.

Kun dai san tun daren da iskar nan ta kayar da falwaya biyu a hanyar maƙabarta muke cikin duhu. To yau masu gyara suka iso daga Ringim, su huɗu a bayan a-kori-kura, da tsani da naɗin waya. Mu muka haƙa ramuka, muka kama aka tayar da sababbin turaku na siminti. Wannan duk cikin raha aka yi shi, Baffa ma har da ba da waƙa ana amshi.

Abin da ya tsaya min a rai ya faru ne bayan azahar. Ogansu dattijo ne, furfura ta cika masa gemu. Maimakon ya sa a jingina tsani, sai ya ce da Mai unguwa a haɗa shi da yaro ya zagaya da shi duk inda ake tayar da janareta a garin. Shagona ya fara shiga. Ya yi sallama, ya duba canjoba, wato makunnin da ke raba wutar inji da ta falwaya, ya ɗaga ya sauke, sannan ya ce, "Malam, naka daidai yake, amma don Allah a kashe har mu sauko." Na kashe, na bi su.

A gidan kallon ƙwallo aka samu matsala. Inji na ta ruri, samari sun cika benci ana maimaita wasan jiya. Da Oga ya roƙi a kashe, sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Kun hana mu taku wutar, tamu ma sai kun hana mu? Ai aikinku ne, biyan ku ake yi, ku je ku hau kawai!" Aka kwashe da dariya, wani ya ƙara da maganar bil.

Bai yi fushi ba. Ya cire safar hannunsa ta hagu ya ɗaga hannun. Yatsu uku ne suka rage, fatar har wuyan hannu ta yi sulɓi tana ƙyalli. Ya ce, "Samari, ranar da na samu wannan layi a kashe yake. Da idona na ga an cire fis. Injin wani bawan Allah ne a cikin gidansa, shi bai ma san ina sama ba."

Wurin ya yi tsit. Sai ya zagaya bayan rumfar ya nuna mana yadda aka haɗa: waya biyu daga inji kai tsaye cikin soket na bango, babu abin da ya raba wutar rumfar da wayar da ta shigo daga falwaya. Ya ce wuta ba ta san gaba da baya ba, duk inda ta samu hanya bi take yi. Volt 230 na injin zai fita ya hau layin unguwa, in kuma ya kai taransifoma, ita da aikinta sauko da volt 11,000 zuwa na gida sai ta yi aikin a juye, ta mayar da shi dubbai a kan wayar da mutum ya riƙe yana ganin matacciya ce. Mai gidan kallon ya tashi da kansa ya kashe, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wallahi ban sani ba." Na yarda bai sani ba, don gidaje nawa ne a garin nan aka yi musu irin wannan haɗin?

Duk da an kashe injuna, bai yarda ba sai da ya gwada layin, sannan ya haɗe wayoyin da wata waya mai kauri ya sauko da ita kan ƙarfen da suka kafa a ƙasa, ko da wani zai tayar da inji ko a saki wuta bisa kuskure, ta bi nan ta shige ƙasa. Tsohuwar falwayar katako da ke kusa da masallaci kuwa sai da ya bubbuga gindinta da sifana yana kasa kunne, ya ce in gara ta cinye cikin, ƙarar daban take fita. Sannan ya ce da ƙaramin cikinsu, yaron da bai fi Auta ba, ya hau.

Na tsaya ina kallonsa. Bel ɗaya ne ya riƙe shi a ƙugu, ya jingina baya a sarari, hannu biyu na aiki da filaya, gumi na ɗiga daga ƙarƙashin hular kwano. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa. Oga na ƙasa riƙe da tsani, idonsa rabi a kan yaron rabi a kan gajimare, yana cewa, "Yi a hankali, amma kar ka tsaya." Wutar da ƙwai mai wat 60 ke ja ta isa ta tsayar da zuciyar mutum in ta ratsa ƙirji, kuma in ta kama tafin hannu damƙe shi take yi a kan wayar, ba ya iya saki. In bai mutu da wutar ba, ga faɗowa daga sama.

Maganar "biyan ku ake yi" ita ta ƙi barina. Nima ina jin zafin rashin wuta, kuɗin fetur ya cinye ribar shagon nan. Amma wutar da ke zuwa mana daga nesa take tasowa, irin su Kainji da Shiroro, ta biyo manyan layuka zuwa tashar Kumbotso da ke Kano kafin a rarraba ta. Mutumin da ke kan tsani ba shi ya ƙayyade nawa za a ba mu ba, ba shi ya rubuta bil ba. Shi ne dai wanda muke iya gani, shi ya sa zagin ke sauka a kansa. A watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, irin waɗannan mutanen ne aka tura daji gyara, har sai da aka nemi jami'an tsaro su raka su.

Kafin su tafi Oga ya tara yara ya ja musu kunne: in an ga waya ta faɗo, kar a matsa kusa ko da ba ta tartsatsi, domin ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗaukar wuta. Ya ce da makiyaya shanu sun fi mutum saurin faɗuwa a irin wurin, saboda tazarar ƙafafun gaba da na baya. Inna ta aiko musu da fura, suka sha a tsaye don ruwa ya fara yayyafi.

Wuta ta dawo gab da magariba, fes ɗaya bai da ƙarfi. Bayan isha na samu Mai unguwa a kan maganar canjoba, ya ce zai sa Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, duk mai inji a duba haɗinsa. Zan tuna masa ranar Alhamis, don na san shi da mantuwa. Gobe kuma sai neman taki, an ce buhu ya ƙara tashi.