Laraba, 21 ga Mayu 2025: Daren da Tottenham ta ɗauke mana kofi

Tottenham ɗaya, Man U babu, a wasan ƙarshe na Kofin Europa da aka buga a birnin Bilbao na ƙasar Sifen. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, an ɗauke wuta, ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi, ina zaune a tsakar gida kan tabarma. Na san ko na kwanta barci ba zai zo ba, gara in rubuta abin da ke cina.

Tun daga sallar asuba wasan nan yake raina. A shago aiki ya sha mana kai, Babbar Sallah ta matso, shaddoji da yadiddika jibge kan teburin yanka, kowa so yake nasa ya fito kafin ranar Arfa. Na zauna kan keke ina ɗinki, amma hankalina yana Bilbao. Yaron shagona ya kawo mini wata babbar riga in duba wuyanta, na riƙe ta ina kallo ban ga komai ba, sai da ya ce, "Maigida, a kai guga ko a bari?" sannan na dawo.

Wajen hantsi maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo. Ɗan Liverpool ne, kuma tun watan jiya da suka ɗauki Firimiya na 20 suka kamo mu, ba ya wuce ƙofar shagona bai tsaya ba. Ya ce, "Malam Tela, ina kwana. Yau fa na 16 da na 17 za su kara a wasan ƙarshe, Allah ya ba marar rabo haƙuri." Na amsa gaisuwa, na ci gaba da taka keke. Abin da ya sa maganar ta yi mini zafi shi ne babu ƙarya a cikinta. Mu ne na 16 a tebur, Tottenham na 17. Wasa 18 muka sha kashi a Firimiya bana. Ita kanta Tottenham sau uku ta doke mu kafin yau: 3-0 har gida a Old Trafford, 4-3 a kofin Carabao, 1-0 a Landan. Duk na san wannan. Amma da na yi alwalar azahar, na kama kaina ina cewa a zuci ai wasan ƙarshe daban ne.

Ɗana na fari, mai shekara goma sha ɗaya, da ya taso daga Islamiyya gida kawai ya biya ya sako jar jesinsa ya taho shago. Mahaifiyarsa ta kira ni a waya ta ce, "Malam, gobe akwai makaranta fa, kada ku kai dare." Na ce mata da an tashi za mu taho. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Ita ba ta kallon ƙwallo, amma ta fi kowa sanin sakamakon Man U, domin a fuskata take karanta shi tun daga zaure.

Ƙarfe takwas aka take wasa, daidai lokacin isha'i, don haka muka tsaya muka yi jam'i a masallacin bakin titi, muka shiga an ɗan yi nisa. Gidan kallon da muke zuwa nan bayan Ƙofar Ƙaura rumfar kwano ce, bencina a jere, manyan talabijin biyu a gaba, fankoki suna juya iska mai zafi, janareto yana ta ruri a baya. Yau ko wurin sa ƙafa babu. Mai gidan ya matsa mana a ƙarshen wani benci, na ɗora yaron a gabana. 'Yan Tottenham na gaskiya a ɗakin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, amma rabin ɗakin nasu ne yau: 'yan Liverpool, 'yan Chelsea, 'yan City, har da 'yan Arsenal. A can Landan ɗan Arsenal ba zai taɓa yi wa Tottenham fatan alheri ba. A nan Katsina kuwa abokin hamayyarka shi ne wanda kuke zama benci ɗaya da shi shekara da shekaru, wanda ya sha baƙin ciki a hannunka lokacin tsohon kocinmu Ferguson, yanzu kuma yake karɓar bashinsa.

Wasan bai yi kyau ba, gaskiya. Ƙwallo na hannunmu, muna ta kewaye da ita, ba ma shiga. Amad ne kaɗai idan ya karɓa kake jin wani abu zai iya faruwa. Ana saura kaɗan a tafi hutu, minti na 42, Sarr ya kwaso ta daga hagu ya jefo cikin yadi na shida. Brennan Johnson ya kutso, ta bugi Luke Shaw, ta gangara a hankali gefen turke, Onana ya miƙa hannu bai kai ba. Irin ƙwallon da ko wanda ya ci ba zai iya ba da labarin yadda ya ci ta ba. Ɗakin ya kaure, wani ya hau benci yana dukan kwano da tafin hannu. Ni abin da na ji shi ne hannun yarona ya damƙe gefen rigata. Ya juyo ya ce, "Baba, za mu rama ko?" Na ce, "In sha Allahu, akwai lokaci."

Kuma da gaske nake, ba lallashi ba ne. A nan ne ciwon goyon bayan wannan ƙungiya yake. Da ƙungiya ce wadda ba ta taɓa komai ba, da mutum ya sa wa ransa ruwan sanyi tun tuni. Amma mu an raine mu ne a kan cewa ba a tashi sai alƙalin wasa ya busa. Ina yaro kamar wannan nawa, a 1999, marigayi yayana ya riƙe hannuna ya kai ni ƙofar gidan wani attajiri a Rafindadi da ke fito da talabijin waje. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, Bayern Munich ta ci mu tun minti na 6, ta riƙe har aka cika 90. Mutane suka fara karkaɗe riguna suna tafiya. Yaya ya ce mini, "Zauna, ba a gama ba." Sheringham ya farke, Solskjaer ya ƙara, duk a cikin ƙarin lokaci. Yaya ya ɗaga ni sama yana juyi da ni, takalmina ɗaya ya ɓace a cikin taron, a haka na koma gida. Daga wannan dare na zama ɗan Man U, kuma daga wannan dare ban ƙara iya fid da rai ba.

Shi ma yaron nan ya samu nasa daren. Watan jiya, wasan Lyon a wannan gasa ta Europa, ana 4-2 a ƙarin lokaci, muna gab da fita. Bruno ya ci fenareti, Mainoo ya farke, Maguire ya sa kai aka tashi 5-4. Yaron ya yi ta tsalle har muryarsa ta dishe. Sannan muka lallasa Athletic Bilbao gida da waje, 3-0 da 4-1. To ta yaya zan ce masa kada ya sa rai? Ni kaina na sa.

Bayan hutu Tottenham ta koma baya gaba ɗaya, ta tare ƙofa. Ana cikin haka aka bugo firikik, golansu Vicario ya fito bai kama ba, Højlund ya sa mata kai ta nufi raga ba kowa. Wallahi na riga na miƙe, bakina a buɗe. Sai ga Van de Ven ya taho a guje ya tashi sama, ƙafa a wuya, ya kwashe ta daga kan layi. Na tsaya tsaye hannuwana a ka, na baya suna cewa, "Malam, zauna mana!" Da na zauna na ji ƙirjina yana bugawa har cikin kunnuwa, gwiwoyina sun yi sanyi. Wani dattijo da muke kallo tare tun zamanin Rooney da Ronaldo, mai fama da hawan jini, ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce shi ba zai iya ba, zai jira a waje. Ya fita ya zauna kan dakali yana jan carbi, yana sauraren ihun ɗaki don ya gane abin da ake ciki.

Aka sako Garnacho da Zirkzee, daga baya Mainoo, aka tura Maguire gaba. A ƙarshen ƙarin lokaci Shaw ya samu ta da ka, Vicario ya ture. Shi ke nan. Ban tsaya ganin kyaftin ɗinsu Son ya ɗaga kofi ba. Tottenham rabonta da kofi tun 2008, shekarar da mu muka ɗauki Kofin Zakarun Turai a Mosko. A kanmu ta zo ta karya azumin.

Mun fito ta cikin masu ihu da masu hon ɗin babur. Wani matashi ya ja jesin yaron yana dariya, na kalle shi, ya saki. Na tsaya wurin mai shayi na ce a soya masa ƙwai da biredi, ya girgiza kai. A kan babur yana bayana bai ce uffan ba, sai da muka kusa gida na ji bayan rigata ya jiƙe. Na tsaya gefen hanya na kashe mashin. Ya ce, "Baba, gobe a makaranta za su yi ta yi mini dariya." Na ce masa ni ma a kasuwa haka za a yi mini, kuma mutum ba ya sauya ƙungiya don an yi masa dariya. Ya ce, "To yaushe za mu ci Firimiya?" Na ce Allah ne masani. Na ƙarshe da muka ɗauka a 2013 ne, shekarar da Ferguson ya ajiye aiki, kafin a haife shi. Kofin Carabao na 2023 da na FA na bara da muka doke City 2-1 su ne duk abin da ya gani da idonsa. Sauran duk labari ne daga bakina. Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, yanzu Amorim: kowane koci ya zo sai mu ce wannan ne, mu ba shi zuciya, a ƙarshe a koma gidan jiya.

Mutane da yawa sun sha ce mini, "Turawan nan ba su san da kai ba, suna can suna kwasar kuɗinsu, kai kana nan kana ƙona ranka." Ban musa ba, ba su san da ni ba. Amma ni ba don Bruno ya san sunana nake kallo ba. Yayana ya rasu, kuma abin da ya fi dawo mini da muryarsa shi ne jar rigar nan idan ta fito fili. Abokan da na yi a gidan kallo sun zo sunan 'ya'yana, na je jana'izar iyayensu. Tsakanina da ɗana, wanda ba mai yawan magana ba ne, ƙwallo ce ƙofar da yake buɗe mini. Wanda ya ce in bari, duk waɗannan yake cewa in bari, ko bai sani ba.

Sai dai nauyin yana da yawa, ba zan ɓoye ba. Bana akwai Asabar da Lahadin da na dawo gida na kasa cin tuwo. Akwai Litinin ɗin da na bi ta bayan layi zuwa shago don kada in haɗu da masu tsokana. Waya ma takan zame mini abin tsoro, ga ta nan a gefe tana ta haske, saƙonnin WhatsApp ne ke shigowa, ban buɗe ko ɗaya ba. Na sha irin wannan a gida ma, a 2022 da Katsina United ta faɗi daga gasar Firimiyar Najeriya tare da Kano Pillars. Amma a wancan karon duk garin ne ke jimami, kowa ka haɗu da shi a Karkanda ciwonku ɗaya, kuma shekara na zagayowa aka dawo. Wannan kuwa kai kaɗai kake ɗauke da kayanka a tsakiyar masu murna.

Abin da ya fi ba ni haushi, kofin yau ba kofi ne kawai ba. Wanda ya ɗauka zai buga Gasar Zakarun Turai baɗi, da kuɗinta da 'yan wasan da take jawowa. Mu yanzu babu Turai ko ta wace iri, abin da rabon da ya same mu tun kakar 2014/15. Ƙungiyar da iyalan Glazer suka saya a 2005 suka ɗora mata bashi, ga ta yau tana rage ma'aikata don tsimi. Ina ganin a bar Amorim ya yi kaka guda cikakkiya, tunda a Nuwamba ya karɓa, a tsakiyar rikici. Amma a samo masa mai cin ƙwallo. Ƙungiyar da za ta riƙe ƙwallo kusan duk wasa ta kasa zura ko ɗaya a ragar ta 17 ba koci kaɗai ne matsalarta ba.

Da muka shigo, uwar ɗakina ta kalle mu ba ta tambayi komai ba. Ta ja yaron ta wanke masa fuska, ta lallaba shi ya sha kunu. Ni ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ta ce, "Malam, ko loma biyu ce ka yi, gobe da aiki." Na ɗan taɓa.

Kafin ya kwanta ya fito ya tambaye ni ko za mu je kallon wasan Aston Villa ranar Lahadi, na rufe kaka. Na ce masa wasan ba zai canza komai ba. Ya ce ya sani, yana so ya je. Ƙarfe huɗu za a fara, don haka da an yi la'asar zan bar wa yaron shago makulli, ɗinkin da ya rage in rama shi da daddare.