Yashe rijiya bayan ambaliya a ƙauyukan Auyo

Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa da yashe rijiyoyi. Shagona a Haɗejiya yake, ni da yara huɗu, sai janareto ɗaya da sumo, wato injin janyo ruwa da ake zurawa cikin rijiya. A daminar 2022, da kogin Haɗejiya ya tumbatsa ya cinye gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa, kira ya yi ta shigowa ba dare ba rana. Wasu ƙauyukan a kwale-kwale muka kai kayan aiki.

Ambaliya ba laka kaɗai take zubawa a rijiya ba. Tana bi ta masai da turken dabbobi da bola, ta kwaso duk abin da ta tarar. Bayan kwana kaɗan lakar ta kwanta, ruwan ya yi garau, mutane su ce ai ya gyaru. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin ƙwayar cutar amai da gudawa ido ba ya ganin ta, kuma yara take fara kayarwa.

A wani ƙauye na tarar da mai unguwa tsaye bakin rijiya da kwanon sha a hannunsa. Ya ce, "Malam, dubi ruwan nan, me ya rage?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu." Muka zura sumo muka janye ruwan kaf. Yaro ya shiga da igiya a ƙugu, ya fito da laka bokiti bayan bokiti, har da mushen kaza. Daga nan muka dama garin kulorin na HTH, muka goge bangon da buroshi, muka zuba sauran a ciki, muka rufe ta kwana. Kulorin ba ya cin ruwa mai dauɗa, shi ya sa yashewa take zuwa farko. Washegari muka sake janyewa har warin ya lafa, sannan na gwada. Kulorin ɗin da nake nema ya saura a ruwan shi ne kusan miligiram 0.5 a kowace lita.

Wankin ma duk mai sauƙi ne. Inda nake shan fama shi ne bakin rijiya. In daɓen siminti ya tsage, ko bakin ya yi daidai da ƙasa, ruwan sama na gaba zai mayar da mu gidan jiya. Don haka ba na karɓar aikin wanki sai an yarda mu ɗaga bakin, mu yi murfi da magudana. Na rasa kwangila saboda wannan sharaɗi, ban kuma yi nadama ba.

Sai guga. Kowane gida da nasa, ana yar da shi a taɓo, a sake zura shi. Muka roƙi a kafa sanda a rataye guga ɗaya na kowa. Matan suka ce ruwan yana warin asibiti, shayi ba ya daɗi da shi. Na ɗebo a moɗa na sha a gabansu, na nuna musu yadda ake jefa ƙwayar Aquatabs, maganin tsarkake ruwan sha, a jarka mai lita 20 a jira minti 30, a kuma rufe randa.

Da kaka na koma karɓar cikon kuɗina. Gugan yana nan a rataye, an ma sake masa igiya.