Kasafin tsaro da rabon ƙaramin ɗan kwangila a Kaduna

Kaduna gari ne na bariki. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojin ƙasa tana nan, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ga sansanin sojin sama, ga asibitin sojoji na 44, ga kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a 1964, sannan barikokin Jaji da Zariya ba nisa. Shi ya sa ƙananan kamfanoni irin namu, masu kai shinkafa, wake, man girki, katifu da kayan ofis, muke kasa kunne duk lokacin da aka karanta kasafin kuɗi. Sai dai wanda ya ji adadin da aka ware wa tsaro a rediyo ya tafi ya ciyo bashi bai san sana'ar ba.

A kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya kai majalisa a Disamban 2024, an ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91. Ba na soja kaɗai ba ne. 'Yan sanda suna ciki, da hukumomin Ma'aikatar Cikin Gida, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Abin da ya faɗa wa kowace runduna kuma kashi uku ake yi masa: albashi da alawus, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da manyan ayyuka. Albashi ne ke lashe mafi yawa, kuma ɗan kwangila ba ya ganin ko sisi a ciki. Manyan makamai da dala ake sayensu. Jiragen Super Tucano 12 da suka iso daga Amurka a 2021 ciniki ne tsakanin gwamnati da gwamnati. Abin da ya rage mana shi ne ciyarwa, gyaran gine-gine, kujeru, takardu da ɗinkin kaki.

Tambayar farko kafin a karɓi aiki ita ce: daga wane kaso za a biya? Idan kuɗin gudanarwa ne, ana sakinsa akai-akai, biya ba ya yin nisa sosai. Idan manyan ayyuka ne, a yi hattara. Ganin aiki a cikin kundin kasafi ba ya nufin akwai kuɗinsa a ƙasa. Sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini, ofishin Akanta Janar ya saki kuɗin ta asusun bai-ɗaya, sannan bauca, wato takardar biya, ta zama kuɗi. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 sai da aka yi ta tsawaita shi har ƙarshen 2025, wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda jira yake.

Takardu kuwa ba su da wuyar ganewa, sabunta su ne aiki: rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun hukumar fansho ta PenCom, asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da rajista da hukumar BPP mai sa ido kan sayen kayan gwamnati. Yawancinsu suna ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba, don haka wanda bai fara nema a Janairu ba, tallar kwangila za ta fito ta same shi hannu rabbana. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan da suka shafi tsaron ƙasa daga bin matakan da aka saba, amma buhun shinkafa ba sirrin soja ba ne, kuma duk wanda ya ce a kawo kaya a yi takarda daga baya, a ba shi haƙuri.

Inda riba ke zubewa shi ne lissafin lokaci. A ce odar naira miliyan 10 ce, an sa ribar miliyan ɗaya da rabi. Idan da kuɗin banki aka yi aikin a kan ruwa kashi 30 a shekara, jiran wata shida ya cinye kusan duka ribar, tun ba a cire harajin da ake riƙewa daga tushe da kuɗin hatimi ba. Harajin VAT na kashi 7.5 ma hukumar da ta ba da aikin ce ke riƙe shi ta miƙa wa hukumar haraji, don haka wanda bai rubuta shi daban a farashinsa ba daga aljihunsa zai fita, ko da yake ɗanyen abinci irin hatsi ba ya ɗaukarsa. Doka ta yarda a ba da kuɗin kafin alƙalami, amma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, ita ma da kuɗinta. Ga kuma farashi: masarar da aka yi wa kuɗi da kaka a Saminaka ba ita ce ta watan Yuli ba, alhali farashin da ke kan takarda ba ya motsi.

Ranar kai kaya ma tana da nata. A auna buhuna a gaban jami'in sito, domin buhun kilo 50 da ya nuna 48 zai sa a dawo da mota guda. Wake mai ƙwari ko shinkafa mai danshi ba a karɓa. Kada direba ya bar ƙofa sai an sa hannu da hatimi a takardar karɓar kaya, a kuma ɗauki kwafi biyu, don ita ce za ta bi fayil zuwa masu binciken kuɗi. Fayil ɗin da babu ita a ciki ba ya kaiwa teburin biya.