Ranar da na sallama albasar da ba tawa ba

Bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, maigidan da muka saba sauke wa albasa ya tattara ya dawo Arewa. Ƙungiyarmu ta manoma a yankin Aliero ta rasa inda za ta kai kaya, ga shi an fara cire albasar rani. Sai aka yanke shawarar tura mutum uku kasuwar Mile 12 a Legas su nemo sabon dillali: Baba mataimakin shugaba, da wani yaro mai jin Yarbanci, da ni sakatare.

A taron da aka tura mu, awa biyu aka kwashe ana gardamar kuɗin guzurinmu. Abin da za mu amince da shi kuwa, shugaba cewa kawai ya yi, "Ku je ku yi abin da ya dace." Ni ma ban tambaya ba, daɗin an zaɓe ni nake ji.

Muka bi ta Yauri, Kontagora, Mokwa, muka haye gadar Jebba, muka isa da ƙura har cikin kunne. Alhajin da aka haɗa mu da shi ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo tuwo da shayi. Yanzu na san cewa cinikin tun daga kwanon tuwon nan ya fara.

Abu uku ne a gabanmu: la'adarsa a kan kowane buhu, wanda zai ɗauki asarar abin da ya ruɓe a hanya, da ranar biya. Kan la'ada ya sauko da sauri har na yi mamaki. Sannan ya dube ni, ni kaɗai, don ya ga ni ne mai biro da takarda.

"Malam, kuɗi kuma sai an sayar, ko? Mako biyu, uku."

Na ce, "Ba komai, Alhaji, mun amince."

Baba ya taka mini ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, har an shafa fatiha. A mota bai ce mini uffan ba sai da muka wuce Ilorin. "Ɗana, albasar wa ka sallama? Taka ko ta mutum arba'in?"

Ba zan manta taron da muka tarar a gida ba. Manomin rani da bashi yake noma: bashin taki, bashin man injin ban ruwa, ga 'yan ƙwadago na jira. A ce masa ya jira mako uku, kamar an ce ya je ya karya farashin sauran buhunansa ne a kasuwar gida don ya biya masu binsa. Rangwamen la'adar da nake taƙama da shi bai kai rabin wannan asara ba. Ni na buga wa Alhaji waya na janye maganar, kuma na gwammace a mare ni da in sake yin irin wayar nan.

Da za mu koma, Baba ya ƙi tashi sai da aka rubuta iyakarmu a littafin ƙungiya: rabin kuɗi ranar sauke kaya, asarar ruɓewa a raba biyu, la'ada kada ta wuce kaza. Aka ce shi kaɗai zai yi magana, ni in rubuta, kuma a zauna gaban sarkin albasa don a sami shaida.

Alhaji ya sake kawo wata sabuwa, wai mu ɗauki kuɗin 'yan dako. Ya dube ni kamar wancan karon. Na sunkuyar da kai ina rubutu. Baba ya gyara zama ya ce, "Alhaji, mu 'yan aike ne. Wannan sai mun koma mun ji ta bakin masu kaya." Alhaji ya yi dariya, ya ce a bar maganar dakon, shi zai biya.