Fulogin mashin mai injekta ba na kowa ba ne

Jiya wani abokina ya sa ma mashin ɗinsa mai injekta fulogin da ya tsinta a akwatin makanike, wai ai duk fulogi fulogi ne. Ina! Mai injekta, wato mashin da ke fesa wa injin mai maimakon amfani da kabireta, akwai ƙaramar kwamfuta a jikinsa, dole ka nemi fulogin da lambarsa ke da harafin R, kamar CPR8EA-9 na kamfanin NGK, R ɗin nan alama ce cewa akwai wani abu a cikin fulogin da ke hana tartsatsin wuta rikita kwamfutar, in babu sai ka ji injin na shaƙewa kana ta zargin mai. Lamba 8 ɗin kuma ta zafi ce, a NGK in lambar ta hau fulogin ya fi saurin fitar da zafi, wato ya fi sanyi, kar ka canza abin da littafin mashin ya ce. Fulogi mai bakin ƙarfen iridiyam na daɗewa sosai amma tsada, ga jabu cike da kasuwa wallahi.