Wata 6 a bencin baya

Ƙannena matasa, musamman ku da aka danƙa wa wani aiki a ikkilisiya, akwai abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa, amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Ina ɗan shekara 24 aka zaɓe ni ma'ajin zumuntar matasa a majami'armu da ke Zuru. Shekara guda muna tara kuɗin sayen ganguna da lasifika. Da kaka ta yi, wake ya yi araha, sai zuciya ta raya mini in sayi buhu 4 da kuɗin in ajiye, in bazara ta zo in sayar, in mayar da uwar kuɗi, riba ta zama tawa. Ban gaya wa kowa ba. Ko a raina ban kira abin sata ba, rance nake ce masa. Kafin Ista ƙwari sun mayar da waken gari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: aka ce a fito da kuɗi, babu su.

Dattawa suka zauna, suka sa ni horo na wata 6. Wanda ya tashi a ikkilisiyoyinmu ya san nauyin wannan. A karanta sunanka gaban jama'a, ba ka cin jibin Ubangiji, ba ka jan waƙa ko addu'a, wurin zamanka bencin baya. Mahaifiyata tana zaune cikin zumuntar mata ranar, ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Taɓa kuɗin laifi ne babba, amma abin da ya fi cutar da ni shi ne abin da na yi bayan haka. Lahadi biyu kawai na zauna a bencin nan. Na fara cewa hassada ce, wane ma ya yi abin da ya fi nawa ba a taɓa shi ba, dattijo wane dama ba ya shiri da mahaifina. Wani ɓangaren maganar ma gaskiya ne, shi ya sa ta yi mini daɗin riƙewa. Na tattara na tafi Yauri da sunan neman aiki, na shiga majami'ar da ba wanda ya san ni. Ina azumi, ina roƙon Allah ya kunyata maƙiyana. Horon Allah na canza wa suna na ce tsanani ne. Shekara 2 na yi a haka, bakina yana waƙa, cikina a bushe kamar rafi da rani.

Wanda ya biyo sawuna shi ne dattijon nan da nake zargi. Ya zo Yauri sayen kifi, ya nemi inda nake, muka zauna a gindin bishiya. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe Ibraniyawa sura 12, ya sa ni na karanta daga aya 5 zuwa 11 da bakina. Wurin yana cewa Ubangiji yana horon wanda yake ƙauna, ɗan da ba a horonsa ba ɗan gida ba ne, kuma ba horon da ke da daɗi a lokacinsa, daga baya ne yake ba da amfani ga waɗanda suka horu. Sai ya ce, "Ɗana, Saul da Dawuda duka an aiko musu da annabi. Wanne kake so ka zama?" Na ce, "Baba, ban gane ba." Ya tuna mini cewa da Sama'ila ya tsare Saul kan ganimar Amalekawa, Saul ya ɗora wa jama'a laifin, har ya roƙi a girmama shi a gaban dattawa. Dawuda kuwa, da ya ƙwace matar Uriya ya sa aka kashe mijin, da Natan ya nuna masa yatsa, bai kawo hujja ko ɗaya ba, ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. Zabura 51 daga nan ta fito.

Abin da nake so ku riƙe ke nan: gyaran Allah sau da yawa ta bakin wanda ba ka so yake zuwa, da murya marar daɗi, wani lokaci ma a gaurayе da son zuciyar mai faɗar. Kafin ka bincika niyyarsa, tambayi kanka ko abin da ya faɗa gaskiya ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma ina roƙonku, kada ku ɗauki wannan ku riƙa auna wahalar wasu da shi. Mun ga 'yan'uwa daga Danko-Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu. Na taɓa jin wani yana ce musu horo ne, raina ya ɓaci ƙwarai. Abokan Ayuba haka suka yi, Allah kuwa ya tsauta musu. A Yahaya sura 9 Yesu ya ce makantar mutumin da aka haifa makaho ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Horona ni na san dalilinsa, buhu 4 ne na wake.

Na koma Zuru da damina. Na tsaya gaban dattawa na ce na ci amana, ban ƙara da "amma" ba. Suka ce horon zai fara daga farko, na ce na yarda. Da acaɓa na biya kuɗin, kaɗan-kaɗan, ana rubutawa a littafi duk ƙarshen wata. Lahadin farko a bencin baya ta yi mini tsawo, yaran da na koya wa waƙa suna waiwayena. Kafin a fara wa'azi mahaifiyata ta taso daga wurin zumuntar mata, ta zo ta zauna kusa da ni, kuma nan ta riƙa zama har watanni 6 ɗin suka cika.